Alhamdulillahi, Auta ta haye jarrabawar cello

Alhamdulillahi. Sakamako ya fito jiya da yamma. Auta ta ci jarrabawar cello, wato ƙaton gogen Turawa, ta mataki na 5 ta hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, ABRSM, da maki 123 cikin 150. Masu tambayata a WhatsApp, ga lissafin: da 100 ake wucewa, daga 120 an shiga sahun yabo, 130 zuwa sama su ne zakaru. Ni dai ko 100 cif ta kawo da na yi sujadar godiya. Har yanzu gajiyar ba ta sake ni ba.

Ba sai na maimaita muku abin da aka sha tun hunturu ba. Kun ga yatsun da suka yi kanta, kun ji labarin kukan dare a kan haddar hawa da saukar sauti. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ɗakin jira.

Saura mutum ɗaya a kira ta, malamarta na daidaita mata tsirkiyoyi, don har mataki na 5 an yarda malami ya yi wa ɗalibi, daga na 6 kowa tasa ta fisshe shi. Sai muka ji tas! Tsirkiyar A, siririyar cikinsu, ta tsinke. Malama ta zazzage jakarta, duk na babban cello ne, na Auta kuwa ƙarami ne, mai girman uku bisa huɗu. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, ta dai kafe ni da ido bakan gogen na rawa a hannunta, ni kuma ba abin da bakina ke iya furtawa sai innalillahi.

Wata dattijuwar Baturiya ce zaune a gefe da jikanta, shi ma da cello irin na Auta. Ba ta tambaye mu komai ba, ta buɗe akwatin yaron ta miƙo sabuwar tsirkiya a cikin takardarta. Ba ta tsaya nan ba. Ta san sabuwar tsirkiya sai ta yi ta miƙewa tana sauke murya kafin ta zauna, sai ta je wurin mai kiran suna ta roƙa a bar jikanta ya fara shiga, don malama ta samu sararin ɗaurawa da sake daidaitawa. Yaron da bai gama shiri ba ta tura gaba saboda 'yar wata. Na ciro kuɗi, ta ture hannuna tana dariya. Kafin Auta ta fito sun tafi, ko sunanta ban samu ba. Baiwar Allah, duk inda kike a garin Manchester, Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki jikan nan, Ya sa ki ci moriyarsa.

Na san ba a son ambato, amma yau sai kun yi haƙuri. Malama, Allah Ya biya ki. Mai fiyanon da ta raka Auta a waƙoƙinta, wadda ta ƙara mana zaman gwaji ba ta karɓi ko sisi ba, mun gode. Waƙoƙi ukun nan kowace maki 30 ce, kuma a nan yarinyar ta fi tara abin da ta tara. Yaya Babba, kai ka yi ta tafa mata tana maimaitawa har ta daina jin kunyar rera sauti a gaban baƙo, maki 18 na gwajin kunne da rabonka a ciki. Maman 'yan biyu, motarki ta zama tamu, tunda tamu sai an kwantar da kujera cello ke shiga. Baban Auta, kuɗin darasi bai taɓa makara ba, Allah Ya ƙara buɗi. Maƙwabcinmu na ƙasa, da bai taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa ba duk ƙarar nan, Allah Ya ba ka lada.

Hajiyata a Kano, ke da kika ce ba ki gane wannan ƙaton gogen ba amma kika tashi cikin dare kina yi wa jikarki addu'a, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. 'Yan uwan da suka ce 'yar mutunci ba ta goge, da waɗanda ke garin nan amma ko waya ba su ɗaga ba, ba komai, muna gaishe ku. Allah Ya bar zumunci.

Yanzu kuma an ce ba za ta zauna mataki na 6 ba sai ta ci jarrabawar ƙa'idojin kiɗa, mataki na 5, ko makamanciyarta, ga shi hannunta ya fara fin ƙarfin ƙaramin cello. Wanda ya san inda ake sayar da babba na hannu mai sauƙin kuɗi ya taɓa ni. Asabar akwai waina da miyar taushe a gida bayan la'asar, kowa ya zo.