Asabar: ɗakin sauraro na Kawu a Tudun Wada, Zariya

Da hantsi muka fara, ana hazo, ƙurar hunturu ta kwanta a kan tayil har sawun takalmi yana fitowa. Kafin a buɗe kwalin kayan sauti ko ɗaya sai da aka ja tef. Tsawon ɗakin mita 5, faɗi mita 4, daga ƙasa zuwa silin mita 3. Bangon bulo da filasta, taga biyu a gefe ɗaya. Da aka tafa hannu a tsakiya sai amsa-kuwwa ta biyo baya kamar an buga kwano.

Kawu yana so a fara da maganar amfilifaya. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a fara da ɗakin, don shi ne kayan da ba a iya mayar wa mai shago."

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan aka raba wannan da ninki biyu na tsawon ɗaki, za a san inda bes, wato sauti mai kauri, zai taru ya yi ƙugi. A nan tsawon ya ba da 34 Hz (wato kaɗawa 34 a daƙiƙa), faɗin 43, tsayin 57. Mun tabbatar da makirufon awo UMIK-1 da manhajar auna sauti REW, wadda kyauta ce. A tsakiyar ɗaki cif, 34 Hz ɓacewa yake yi, a jikin bangon baya kuwa har cikin ƙirji ake jin sa. Don haka aka ajiye kujera mita 1.9 daga bangon baya. Lasifikun suka zauna santimita 75 daga bangon gaba, tsakaninsu mita 2.3, daga kowacce zuwa kunne ma mita 2.3, ƴar ƙaramar da ke fitar da siririn sauti kuma daidai tsayin kunnen mai zaune.

Lasifika iri biyu wani abokin sana'a ya kawo aro daga Kaduna: KEF LS50 Meta da Wharfedale Linton. A takarda, idan aka ba su wuta daidai, ƙarar ta farko desibel 85 ce, ta biyu 90. Bambancin biyar ɗin nan ba ƙarami ba ne. Kowane ƙarin desibel 3 yana cin ninki biyu na wat, wato KEF tana neman kusan ninki uku na ƙarfin da Linton za ta nema kafin su yi ƙara ɗaya. Shi ya sa kafin kwatance aka saki sautin gwaji, aka daidaita ƙararsu da makirufo a wurin kujera. In ba a yi haka ba, wadda ta fi ƙara ita kunne zai ce ta fi daɗi, kuma da yawa a nan ake yin sayen nadama.

Da ƙira'a muka fara, saboda muryar mutum ce kunne ya fi sani. KEF ta tsayar da muryar a tsakiya kamar mai karatun yana zaune a gabanka, har numfashin da yake ja tsakanin aya da aya ana ji. Da aka koma kan kalangu da tambari sai ƙanƙantarta ta bayyana, don abin fitar da bes ɗinta inci biyar da kwata ne, na Linton kuwa inci takwas. Kalangu yana da wani lanƙwaso idan makaɗi ya matse tsarkiya, sautin ya hau ya sauka. Dukansu sun kawo shi, amma nauyin fatar a Linton kawai aka ji. Algaita ita ce mai tona asiri. Idan ɗaki ya yi tsirara, takan soki kunne, kuma yau ta soka a duka biyun. Laifin tayil ne da filasta. Aka shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin lasifika da kujera, aka bi bangon gefe da madubi, duk inda mai zaune ya hango lasifika a ciki aka sa alli. A wuraren nan kafinta zai kafa firam cike da audugar dutse mai kaurin santimita 10, a rufe da yadi mara kauri. Kwalin ƙwai da siririn soso ba sa taɓa bes, ɓata bango kawai suke yi. A ganina Linton ce ta ɗakin nan, kuma Kawu ya yarda bayan ya sake jin tambarin.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, muka koma kan inbata, nan take taransifomar amfilifaya ta fara zuza. Inbatar gidan irin mai araha ce da ke fitar da wuta mai kusurwa-kusurwa. Kayan sauti suna son mai fitar da wuta sumul irin ta layi, bolt 230 a 50 Hz. Wannan ya shiga lissafin kuɗi kafin komai. Haka sitabilaiza: mai rile, wato makunnin da ke sauya wuta mataki-mataki, yana ƙas-ƙas duk lokacin da wuta ta motsa, ana jin sa a lasifika, mai sabo (servo), wanda ƙaramin inji ke daidaita wutarsa a hankali, ya fi dacewa. Mun kuma kwance soket muka tarar ba a haɗa wayar ƙasa ba sam, ramin na uku ado ne. Sai an kafa sandar jan ƙarfe a waje an jawo waya, kuma duk kayan su sha wuta daga soket ɗaya, in ba haka ba gurnani ba zai rabu da su ba.

Maganar wutar nan ce ta raba gardamar amfilifaya, wadda ake kasawa aji-aji bisa yadda take amfani da wuta. Aji A yana da masoya, amma yawancin wutar da yake ja zafi take zama, ko yana kiɗa ko yana shiru. A watan Afrilu a Zariya, da batir a bayansa, wahala ce. Aji D yana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari zuwa aiki. Aji AB mai wat 80 zuwa 100 ma ya wadatar da Linton, muddin an rubuta yana ɗaukar om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta), don lasifika mai om 6 takan faɗi ƙasa da haka a wasu sautukan.

Akwai injin faifan garmaho da aka aiko wa Kawu daga Amurka. Na hana a jona shi. Na bolt 120 ne, kuma ko an sa masa taransifoma mai rage wuta, motarsa da 60 Hz take auna gudu, a wutarmu faifan da ya kamata ya juya 33 da sulusi a minti zai juya kusan 28. Sai an sauya masa fuli, wato ƙaramar gargarar da ke kan motar.

Da la'asar na leƙa Sabon Gari neman wayar lasifika. Jan ƙarfe zalla mai kaurin sukwaya milimita 2.5 ya isa mita uku kowane gefe. Na kankare bakin naɗi biyu da reza, na farko ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa ja. Na biyun na saya.

Kafin magariba aka zare fulogi, aka lulluɓe komai da zanen gado, don ƙurar nan in ta shiga makunnin ƙara sai ya riƙa ƙaraf-ƙaraf. Mai wayarin zai zo Litinin da safe, kafinta kuma Laraba.