Ni na daina karɓar ɗinkin sawa ɗaya

Satin da ya wuce wata kwastomata, wacce nake mata ɗinki tun tana budurwa, ta shigo shago da gana-masgo biyu shaƙe da kaya, ta zube min su a kan tabarma ta ce Anti dan Allah ki duba ko akwai abin da za a iya yi da waɗannan, ni wallahi ba ni da kayan sawa. Muka zauna muka ƙirga, kala talatin da ɗaya. Kusan duk anko ne, na kamu, na dina, na yinin biki, na suna, wasu ko wanki ba su taɓa gani ba saboda sau ɗaya aka saka aka yi hoto aka cusa a durowa. A cikinsu waɗanda na ɗaga na ce wannan yadi ne na gaske ba su wuce bakwai ba, sauran roba ce zalla, ka taɓa ka ji santsi kamar leda. Abin ya tsaya min a rai har na kasa barci da wuri a daren, shi ya sa na ce bari in yi maganar nan a fili.

Shekarata goma sha tara a kan keke. Shagona ɗaki ɗaya ne da baranda a nan cikin Kano, keke huɗu, yara uku da nake koya wa, sai ni. A wurin Gwaggona na koya, ƙanwar babanmu, Allah ya jiƙanta da rahama, a kan tsohuwar Butterfly ɗinta ta ƙafa wacce har yau tana nan a kusurwar shago kuma tana aiki. Shekara guda cur ba ta bar ni na riƙe almakashi ba, daga kalmasa sai saka maɓalli sai guga da dutsen gawayi. In na yi layi ya karkace ko kaɗan ne sai ta miƙo min reza ta ce ke 'yar nan warware, ba a gina suna da ɗinkin da ake ɓoye cikinsa. Ita in aka kawo mata riga ta duba, juya ta take yi ta ga bayan ɗinkin kafin ta kalli gaban. Kuma ba ta taɓa yanka riga ba tare da ta bar inci biyu a kowane gefe ba, ta ce mace ba ta zama a jiki ɗaya, yau budurwa ce gobe ga ciki jibi ga goyo, rigar kirki ita ce mai bin ta duk inda jikin ya je. Har yau haka nake yanka, yaran shagona ma sun san duk wacce ta aske min gefen riga don ta yi sauri to ranar ba za mu kwashe lafiya ba.

Gwaggo tana da wata adaka da ba kowa ke taɓawa ba. A ciki akwai atamfofin lefenta, da saƙi guda biyu, da wani zanen tsamiya na kakarmu. Na tabbata duk suturarta ta fita unguwa ba ta kai kala goma sha biyar ba, amma ba na tuna ranar da ta shiga taro aka raina shigarta. Da ta rasu aka raba mana, atamfar da na samu na warware ta na ɗinka wa babbar 'yata, launin yana nan daram kamar jiya aka siyo.

To yanzu ina ake samun irin wannan? Nan ne ciwon yake. A da muna da masaƙu namu, Kaduna Textiles tun 1957 aka buɗe ta zamanin Sardauna, ga Arewa Textiles, ga United Nigerian Textiles wato UNTL duk a Kakuri ta Kaduna, mu ma nan Kano akwai su a Bompai da Sharaɗa da Challawa, audugar Funtuwa da Gusau ake kawowa a saƙa a buga mata zane. Ɗaya bayan ɗaya suka durƙushe, UNTL ma a 2007 ta rufe ƙofa, sai kayan waje masu araha suka cika Kantin Kwari. Ba wai babu mai kyau a Kwari ba, akwai, in kina da kuɗinki kuma kin san hannun da za ki bi za ki samu Holan ta gaske ta Vlisco, kamfanin da yake aiki tun 1846, ko shaddar Getzner da ake kawowa daga Ostiriya. Matsalar ita ce jabu. Zane iri ɗaya, tambari iri ɗaya, har ledar da takardar sun kwaikwaya. Ni kaina an taɓa yi min, wani da na daɗe ina sara a wurinsa ya ba ni turmi shida ya rantse min auduga ce, na ɗinka wa dangin amarya, wanki ɗaya jan ya bi farin ya ɓata komai. Ni aka zo aka samu da faɗa, shi kuwa ya ce ai haka kayan suka zo masa. Daga ranar ban sake taka shagonsa ba.

Shi ya sa duk yadin da ya shigo shagona sai na gwada shi a gaban mai shi kafin almakashi ya taɓa. Ina zaro zare daga bakin yadin in kyasta ashana. Auduga tana ci da sauri, ƙaurinta kamar an ƙona takarda, tokarta laushi ka murza ta bi iska. Roba kuwa nannaɗewa take yi ta narke ta bar wani ɗan baƙin ƙulli mai tauri. Sannan in jiƙa farin ƙyalle in goga a gefe in ga ko tana zuba. Atamfa mai kyau ki juya bayanta, launin gaba da baya kusan ɗaya ne, ta roba kuwa bayan fari-fari yake. Wasu ba sa son jin gaskiyar nan, sai su ce ke dai ɗinka kawai ai sau ɗaya za a sa. Wannan kalma ta sau ɗaya ita ce na gaji da ji. A zafin Kano na watan Afrilu mace ta shiga rigar roba mai shafi biyu da duwatsu har ƙasa, ta wuni tana gumi, ta dawo gida ta cire ta jefar, sati biyu wani bikin ya taso a sake fitar da wani ankon. Kuma bikin yanzu ba anko ɗaya ba ne, kamu da nasa, dina da nata, ƙawayen amarya daban dangin uwa daban, mace ta ci bashi ko ta ɗauki adashinta ta zuba a kayan da ba za su ga wata Sallar ba.

Sai kuma ciniki. Wacce ta siyi yadi uku a wata ɗaya ita ce za ta tsaya tana ja da ni a kan kuɗin ɗinki, wai a bayan layinsu ana yi rabin haka kuma kwana biyu a karɓa. Eh ana yi. Ki juya cikin rigar ki gani, babu obalokin, wato ɗinkin da ke kame bakin yadi kar ya zare, zif ɗin na banza wanda zai ɓalle ana tsakiyar taro, hannun a matse, ba a bar ko rabin inci na gyara ba. Ni riga ɗaya takan ci min kwana huɗu, don sai na jiƙa yadin auduga ya sha ruwa ya gama tsukewarsa kafin in yanka, sai na daidaita zanen atamfar furen gaba ya haɗu da na gefe, wuyan in juya shi da hannu in bi shi da guga sau biyu. Wannan aikin ba a ganinsa a hoto, sai bayan shekara uku in rigar tana nan tsaye ake gane shi.

Akwai wata baiwar Allah da nake wa ɗinki, 'yar Nima ce a Akra aure ya kawo ta Kano, ita ta fara ba ni labarin kasuwar Kantamanto ta can Akra a ƙasar Gana inda ake sauke dilolin gwanjo daga Turai da Amurka. Masu bin diddigin kasuwar sun ce tufafi kusan miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari shara suke zama don ba su da mamora, su toshe kwalbatoci wasu su ƙare a bakin teku. A watan Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangaren kasuwar. Da take faɗa min sai na tuna kwatocinmu da damina, leda da tsummokara, ita roba ba ta ruɓewa kamar auduga, in an ƙona ta kuma hayaƙin mu ne muke shaƙa. Ni ban ƙi gwanjo ba, mutane da yawa da shi suke rufa wa kansu asiri, ni ma nakan leƙa Ƙofar Wambai in tsinto riga ta auduga mai kauri in gyara wa yara. Siye a zubar ɗin ne ba na so, ko sabo ne ko gwanjo.

Yanzu rabin aikin shagona gyara ne, kuma ina alfahari da hakan. Zanin da gefe ya ci mu yanke mu mai da shi siket, bubu ta zama riga da wando na yarinya, leshin da aka gaji da shi mu cire hannun mu sa wa wata rigar. Farar shadda da ta dafe nakan aika da ita marinar Ƙofar Mata, wacce tarihi ya nuna tun 1498 ake rini a wurin, a tsoma ta a baba ta dawo shuɗiya, a kai wa masu bugu su fito mata da sheƙi, wallahi in maigida ya saka ba wanda zai ce tsohuwa ce. Ƙyallayen da suka rage ba ma zubarwa, akwai buhu a bayan ƙofa, yarana suna haɗa su su yi abin shimfiɗar jarirai da jakar makarantar allo da rigar filo.

In mace ta zo min ta ce ba ta san abin da ke mata kyau ba, ba na buɗe mata hotunan Instagram. Tambayarta nake yi wace riga ce in an wanke kike jira ta bushe ki sake sawa? Daga nan muke farawa, launin, faɗin, tsawon hannun. Sai mu zaɓi launi biyu ko uku da suke shiga da juna yadda mayafi ɗaya da takalmi ɗaya za su bi kaya da yawa. Atamfa kuma a wanke ta da sabulu mai sauƙi ba omo mai ƙarfi ba, kar a jiƙa ta ta kwana, a juya ta a shanya a inuwa, rana ce ke cinye launi.

Ita waccan mai gana-masgo, cikin bakwai ɗin nan mun fitar mata da kaya biyar da suka zauna mata cif, biyu mun ajiye wa 'yarta, sauran masu ɗan dama-dama ta ce za ta raba wa 'yan uwa a ƙauye. Jiya ta turo min hoto ta saka ɗaya ta je suna, har ana tambayarta a ina ta siyi atamfar. Masu son ɗinkin Sallah ku kawo da wuri, ina rufe karɓa tun goma ga azumi don ba na ɗinkin gaggawa, kuma kafin ki tafi kasuwa ki fara buɗe durowarki ki kawo min abin da ke ciki mu duba tare.