Cinyar da ta ruɗe ni

Wata Alhamis cikin zafin Maris na loda aladu tara a akori-kura zan kai kasuwar Katsit da ke Kafanchan. Muna wuce Zonkwa biyu suka fara haki, baki buɗe, jela na karkarwa, fata ta yi ja. Muka tsaya na kwara musu ruwa. Ko minti ashirin ba a yi ba suka sandare, ƙafafu kamar itace. Kuma duk garken babu masu kyansu.

Ni na jawo wa kaina. Na sayi namiji mai jinin Piétrain, irin nan na Beljiyam mai dabbare-dabbaren baƙi, don cinyarsa kawai: tsoka curi-curi, ba kitse. 'Ya'yan farko suka fito lafiya ƙalau. Sai ganin ƙyashin kuɗin wani namijin ya sa na bar shi ya yi wa 'ya'yansa mata barbara.

Likitan dabbobi ne ya warware mini. Ya ce zaren tsoka iri-iri ne. Akwai ja mai juriya, wanda ya fi yawa a aladun daji, akwai fari mai kauri, mai saurin ƙona sukari, kuma shi ke cika cinyar irin namijin da na saya. A wannan tsatson akwai wata ƙwayar gado, RYR1, da aka gano lahaninta tun 1991. Aladen da ya gaji lahanin ta ɓangare ɗaya yakan zauna lafiya. Wanda ya gaje shi ta uwa da uba, da ya firgita ko ya sha zafi tsokarsa ta ɗaure ta ƙi saki, jiki ya ɗau wuta. Ni kuwa da hannuna na haɗa masa uwa da uba.

Abin bai tsaya a mota ba. Mahaucin da ya yanka ɗan'uwansu ya kira ni: "Maigida, nama ka sayar mini ko soso?" Na je na gani. Ya yi fari fat, ka danna yatsa ya lotsa, ruwa ya taru a faranti. Irin wannan tsokar takan yi tsami da wuri tun gawa na da ɗumi, sai ta kasa riƙe ruwanta.

Yanzu kafin in dubi cinya sai na tambayi asalin uban. Lodi kuma da asuba, ba duka, ba ihu. Namijin na sayar da shi na kawo na wani jinsin da ake kira Duroc, amma har yau in na tuna kuɗin dusar da biyun nan suka ci wata bakwai, sai raina ya ɓaci.