Soson Memori Na Ɗori A Kan Katifa: A Ɗora Shi A Sikeli Kafin A Biya

Mafi yawan masu shigowa shagonmu neman soson ɗori da tambaya ɗaya suke buɗe baki: "Malam, inci nawa ne?" Daga nan sai, "To nawa ne gaskiyarsa?" Da wuya ka ji mai tambayar kilo nawa ne, alhali a nan ne kuɗin mutum ke tsira ko ya salwanta. Soson memori ba a sayensa da ido. Za ka ga mai inci 4 ya tashi fam kamar burodin da yis ya yi wa yawa, ashe rabinsa iska ce, ga kuma mai inci 2 a gefe an raina shi, amma shi ne zai yi shekaru yana aiki.

Ɗori dai falle ne na soso da ake shimfiɗawa a kan katifar da mutum yake da ita, don a rage mata tauri ba tare da an sayi sabuwa ba. Shi kuwa memori, asalinsa daga Amurka ne. A 1966 aka ƙirƙiro shi a wani aiki na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, don gyara kujerun jirgin sama, daga baya ya shiga asibitoci saboda majinyatan da ke daɗewa a kwance, sannan ya iso ɗakunan kwana. Bambancinsa da soson da muka saba shi ne ba ya turo jiki. Ɗumin jiki da nauyinsa ne ke sa ya lotsa a hankali, ya bi siffar kafaɗa da ƙugu, nauyin ya bazu maimakon ya taru a kan ƙashi biyu ko uku. Mai kwanciya ta gefe, wanda ke tashi da hannu ya mutu ko kafaɗa na zogi, shi ya fi kowa cin moriyarsa.

Kafin a yi maganar kuɗi, mukan tambayi halin katifar da ke gida, kuma nan ne wasu ke ɓata rai, su ga kamar muna korar ciniki. Ɗori ba ya gyara katifar da ta yi kwari. Tunda aikinsa bin siffa ne, ramin da ke ƙasa zai bi ya kwanta a ciki, bayan sati biyu mutum ya dawo yana cewa mun sayar masa da jabu. Gwajin ba wuya: a cire zanin gado, a ja zare daga gefe zuwa gefe a daidai inda ƙugu ke sauka, a auna tsakanin zaren da katifar. In ramin ya kai santimita 3 zuwa 4, a adana kuɗin a tara na katifa. A ɗaga ta kuma a duba katakon gadon, domin sau da yawa laifin na allo ɗaya ne da ya karye ko ya goce. Katifar da ɗori ke yi wa rana ita ce mai tauri da take a miƙe, irin ta ciwon baya da ake yi da dunƙulallen gutsuren soso, wadda ake saye da ɗoki sannan a kasa barci a kanta.

Yanzu ga maganar nauyi, wadda a sana'a muke cewa densiti: kilo nawa ne mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tudu na wannan soso. Ga mai neman sauƙi, daga 45 zuwa 55 nan ne tsakiyar da muke ba da shawara. Ƙasa da 40 yana saurin mutuwa a inda ƙugu ke kwanciya. Sama da 60 ya fi ƙarko, amma kuɗinsa ya haura, kuma ya fi riƙe zafi, wanda a ƙasarmu ba ƙaramar magana ba ce. Kayan da aka shigo da su daga Amurka da fam suke rubuta densitinsu: fam 3 kusan densiti 48 ne, fam 4 kusan 64.

Abin da ya sa nake son sikeli shi ne kowa na iya buga lamba a jikin leda, amma ba wanda ke iya yi wa sikeli daɗin baki. Lissafin mai sauƙi ne. Ɗorin gadon shida-da-shida, mai tsawon santimita 190 da faɗin 183, kauri inci 2 wato santimita 5, in densiti 50 ne, sosonsa tsirara ba riga ba kwali zai yi kusan kilo 8.7. In 40 ne, kusan kilo 7. In ya tsaya a kilo 5 da ɗan wani abu, to 30 ne, ko me aka rubuta. Mai inci 3 a wannan girma, densiti 50, kilo 13 ne. Na gadon huɗu-da-rabi mai inci 2 kuwa, kilo 6 da rabi. Ga abin da ya kamata mai ciniki ya riƙe: mai inci 4 mai densiti 25 da mai inci 2 mai densiti 50 nauyinsu ɗaya ne a sikeli. Yawan kayan haɗin da aka kashe ɗaya ne, an dai hura ɗaya ya kumbura don ya cika ido. Amma sai ka ga mutum ya tsaya kai da fata yana cewa, "Haba Alhaji, can ƙasan layi an ba ni mai kauri biyun wannan a rabin kuɗin." Mun sani. Mun ma san irin sa tun kafin a kawo mana shi gyara.

Sai dai masu kwaikwayo su ma sun gane mutane sun fara ɗaga soso su ji nauyi. Dabararsu ita ce zuba garin alli a cikin haɗin tun wurin dafawa. Soson zai yi nauyi, ƙarfinsa kuma ya ragu. Don haka sikeli kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da hannu. A zuge zif a taɓa soson kansa. Mai shagon da ya hana a buɗe riga ya riga ya ba ka amsa. A kama ɗan kusurwa da yatsu biyu a ja a hankali. Na ƙwarai yana miƙewa kamar danƙo kafin ya nuna alamar yagewa, mai alli kuwa nan da nan yake tsagewa, bakin tsagar ya yi gari-gari. A goga shi a baƙin ƙyalle, in ya bar fari an gama magana. Sannan a danna tafin hannu sosai, a ƙirga biyar, a ɗaga. Shatin yatsu biyar ya kamata ya tsaya a fili, ya cike a hankali cikin daƙiƙa 3 zuwa 5. Wanda ya dawo tsam kamar ƙwallo soso ne mai laushi kawai da aka sa wa suna. A lura da lokaci: da tsakar ranar bazara yana dawowa da sauri, da sanyin safiyar hunturu kuma yana jan jiki, har ya yi tauri kamar katako na 'yan mintuna kafin ɗumin jiki ya sassauta shi. Wannan halinsa ne, ba aibu ba ne.

Akwai kuma wani salo da ya yawaita. A yanko memori na gaske inci 1, a manna shi da gam a kan soso na gama-gari inci 2, a sa riga, a kira shi memori inci 3. In ka danna daga sama za ka ga shatin hannu, ka yi murna. A duba ta gefe bayan an buɗe riga, layin gam yana nan, launin ma yakan bambanta. Haɗin hawa biyu ba laifi ba ne in an faɗa, mu ma muna yi wa mai ƙaramin ƙarfi, kuma in soson ƙasan mai kyau ne yana ma taimakawa wajen tallafe baya. Abin da ke ƙona rai shi ne sayar da shi da sunan abin da ba shi ba, sannan a zo a ce namu ya yi tsada.

Kauri kuma da jikin mutum ake zaɓensa. Inci 2 ya ishi mai matsakaicin jiki da ke son a rage taurin katifa. Inci 3 na mai jiki ne, ko mai kwanciya ta gefe da ƙugunsa ke taɓo katifar ƙasa. Inci 4 ba kasafai muke yarda mu sayar wa mai neman sauƙi ba: mutum yana nutsewa, juyi ya yi wuya, tsoho ya sha fama wajen tashi, mai kwanciya rub-da-ciki kuma bayansa ya lanƙwashe. Jariri kam ba a kwantar da shi a kan memori ko kaɗan, shimfiɗa mai tauri yake bukata, don fuskarsa na iya nutsewa ya kasa numfashi. Iyayen amarya masu haɗa kayan ɗaki mukan ja hankalinsu a kan wannan tun da wuri.

Zafi shi ne gaskiyar da masu talla ke ɓoyewa. Memori yana rungumar jiki, iska ba ta zagayawa ta ƙasan baya. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke kai wa maki 40 a ma'aunin zafi, ga wuta ba tabbas, mai inci 4 gidan zufa ne. Wanda aka zuba wa ɗigo-ɗigon jel mai shuɗi yana da sanyi in ka taɓa, amma da ya ɗauki ɗumin jiki sanyin ya tafi. Bai kai a ƙara masa kuɗi mai yawa ba in aljihu ya matse. Abin da ya fi aiki shi ne rage kauri, da zaɓen wanda aka huda wa ramuka jere-jere, da riga ta auduga. Akwai gidajen da ke naɗe nasu su ajiye idan bazara ta tsananta, su dawo da shi da faɗuwar damina, kuma ba su yi kuskure ba. Wanda aka yanka samansa kamar kiret ɗin ƙwai yana barin iska ta wuce, sai dai a sani tsinin ne ake aunawa, naman soson bai kai abin da aka rubuta ba.

A riga ne ake gane hannun mai aiki. Muna ɗinka tamu da yadi mai ɗan miƙewa, domin yadi mai tsauri yana ɗaure soson ya hana shi bin jiki, a biya kuɗin memori a kwana a kan ganga. Zif ɗin ya zagaye gefe biyu aƙalla, siffar kusurwa, in ba haka ba wurin cirewa don wanki za a yaga soson, don memori ba ya jure ja. Roba mai faɗi a kusurwa huɗu da za ta kamo ƙasan katifa, in babu ita da asuba za ka tarar da ɗorin ya zame ya rataya a gefe. Yankan ma aiki ne. Wuƙar hannu tana jan memori ta bar baki kamar cin ɓera. Da injin mai zagayayyiyar wuƙa ake yanka shi, a hankali, ba a danna shi, in an danna yana yankuwa ne a karkace ya buɗe bayan an saki.

Kada a dogara da sunan girma. A auna katifar da tef. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira shida-da-shida a nan inci 75 ne a tsawo, 72 a faɗi. Na Amurka da ake kira kwin inci 60 ne da 80: ya yi wa shida-da-shida kaɗan a faɗi, ya yi wa huɗu-da-rabi mai inci 54 yawa, ya kuma zarce duka biyun a tsawo. Mai girma ana iya rage shi, ƙarami kuwa ba yadda za a yi da shi sai ciko, ciko kuma ana jin sa a baya.

Masu kawo mana kaya daga waje su ma suna da nasu. Ana matse soson a zuƙe iskarsa a naɗe, ya yi wata da watanni a kwantena da sito. Wanda ya daɗe fiye da kima kusurwoyinsa ba sa tashi, ka jira har ka gaji. Shi ya sa ba ma sayar da naɗaɗɗe sai mun buɗe samfuri daga kowane zubi. In ka saya a naɗe, a yanke ledar da almakashi daga gefe, ba da reza a tsakiya ba, a shimfiɗa a ƙasa mai tsabta cikin ɗaki mai iska, a ba shi kwana 1 zuwa 3. Warin sabon soso yana fita cikin wannan lokaci. Bayan kwana uku a sake auna kauri a kusurwa huɗu da tsakiya. In inci 3 ya tsaya a 2 da rabi, a mayar tun rasit bai ɓata ba. A yi wannan sharaɗi da mai shago kafin kuɗi ya bar hannu.

Kulawa kuwa, abu biyu ke kashe shi: ruwa da rana. Ba a wanke soson, yana shan ruwa ya riƙe, ya yi fumfuna a ciki, in an matse kuma ya yage. In abu ya zube, a danna busasshen tawul a tsotse, a goga ɗan ruwan sabulu sama-sama, a jingina shi a inuwa gaban fanka har ya bushe ƙayau. Shanya shi a tsakar gida da rana kamar katifar auduga yana sa ya yi ja ya fara marmashewa. Gidan da ke da yara a sa masa mayafin hana ruwa tsakaninsa da zanin gado. Duk wata uku a juya kai ya koma ƙafa, don ƙugu ya canja wurin sauka. Na hannu kuwa, wanda ake sayarwa a gwanjo, ba ma karɓa ko da musaya ne, saboda kuɗin cizo na ɓuya a ɗinkin riga da bakin zif, soson kuma ba a iya zuba masa ruwan zafi.

In kuɗin bai kai ba, ga inda muke rage wa mutum: a bar jel, a bar kwali mai hoto, a sauko daga inci 3 zuwa 2, a sa riga ta auduga mara ado. Densiti ne kaɗai ba ma taɓawa. Sikelin yana nan a bakin ƙofar shago, kuma wanda ya sayo nasa a wani wuri ma yana iya kawowa a ɗora masa.