Abin da kundin digirina ya koya mini game da zaratan sojoji

Lokacin da nake rubuta kundin digiri na biyu a fannin nazarin tsaro, na zaɓi batun ƙarancin mutane a rundunonin zaratan sojojin Amurka. Na kai wa malamina babin farko ina ta rawar jiki. Hujjata a sauƙaƙe take: tunda mutane sun yi kaɗan, a ƙara kuɗi, a sassauta jarrabawa, a buɗe ƙofa. Ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin wanda ya shuka dabino bana ya ci 'ya'yansa baɗi?" Ya ce kada in ƙara rubuta ko harafi sai na karanta yadda ake horar da mutanen.

Na fara da zaratan sojojin ruwa, waɗanda ake kira SEAL. A Koronado ta jihar Kalifoniya ake horar da su, kusan wata shida. A ciki akwai makon da suke kira makon jahannama: kwana biyar da rabi cikin ruwan sanyi da yashi, barcin da mutum zai samu gaba ɗaya bai wuce awa huɗu ba. Akwai ƙararrawa rataye a filin. Wanda ya gaji sai ya je ya buga ta sau uku, ya ajiye hular kwanonsa, shi ke nan ya fita. Kusan uku cikin kowane huɗu ba sa kaiwa ƙarshe. Da farko na ɗauki wannan a matsayin asara. Daga baya na gane tankaɗen shi ne aikin, domin wanda zai buga ƙararrawa gara ya buga ta a bakin teku, ba a bayan layin abokan gaba ba.

To daga ina ake ɗebo waɗanda za a tankaɗe? Nan ne na ga ramin da na tsallake. Da yawa cikin zaratan sojan ƙasa, waɗanda ake kira masu koren hula, daga cikin sojojin gama-gari suke fitowa. A 2022 sojan ƙasa na Amurka ya nemi sababbin kurata 60,000, ya rasa kusan 15,000. Binciken ma'aikatar tsaronsu ya nuna kashi 23 cikin ɗari kacal na matasa 'yan shekara 17 zuwa 24 ne suka cancanci shiga soja ba tare da an ɗaga musu ƙafa ba. Sauran ƙiba, ciwo, shaye-shaye ko tarihin laifi sun fitar da su. Rijiyar ce ta ja baya, ni kuwa ina ta ba da shawarar a sauya guga.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya. Masu shiga kawai nake ƙirgawa, ban waiwayi masu fita ba. Bayan 2001 an riƙa tura mutanen nan Afganistan da Iraƙi, a dawo a sake komawa, har gidaje suka gaji. Kamfanonin tsaro masu zaman kansu kuma suna zawarcinsu da albashi mai tsoka. A 2005 sai da gwamnati ta yi tayin ladan da ya kai dala 150,000 ga tsofaffin hannu don su ƙara shekara shida. Saje ɗaya mai shekara goma sha tara a aiki, da harshen waje a bakinsa, kurata goma ba sa cike gurbinsa.

Abin da ya sa batun ya daina zama mini lissafin takarda shi ne Tongo Tongo, wani ƙauye a Nijar. Ranar 4 ga Oktoba 2017 aka yi wa tawagar Amurkawa da sojojin Nijar kwanton ɓauna kusa da iyakar Mali, Amurkawa huɗu suka mutu tare da abokan aikinsu 'yan Nijar. Cikin abubuwan da binciken sojan Amurka ya gano har da cewa yawan sauya mutane ya hana tawagar yin muhimmin atisaye a dunƙule kafin a turo ta. A takarda guraben a cike suke. Amma mutanen ba su gama sabawa da juna ba.

Zaratan sojojin Amurka su kansu sun daɗe da sanin haka. Cikin ƙa'idojinsu da aka rubuta a 1987, shekarar da aka kafa babbar rundunarsu bayan abin kunyar yunƙurin ceto Amurkawan da aka yi garkuwa da su a Iran a 1980, akwai cewa ba a ƙera irin waɗannan sojoji kamar bulo, kuma ba a fara neman su bayan wuta ta tashi. A 2024 ma, maimakon saukar da ma'auni, sojan ƙasa ya sanar da rage gurabe kusan 3,000 daga ɓangaren ayyuka na musamman. Ko hakan dabara ce ko amsa gazawa, har yau ni da malamina ba mu daidaita ba.

Na yaga babin na sake shi daga tushe, wata biyu ya ci mini. Da na mayar, Malam ya duba, ya ja layi da jan biro ƙarƙashin sakin layin Tongo Tongo, ya ce in kawo babi na biyu kafin azumi.