Wata uku ba tuwo, ba shinkafa

Tun ranar da likita ta ce sukarina ya fara hawa, na ajiye tuwon masara, shinkafa da burodi. Sai kuma na ƙara wa kaina wani nauyin: ganyen da zan ci ya zama wanda ba a yi wa feshi ba, ba a sa masa takin zamani ba. Aljihu kuwa, kun san yadda albashi yake kafin 20 ga wata.

Na leƙa wani babban kanti a cikin gari, kuɗin ƙullin latas ɗaya ya kusa na kwanon gero. Na fito salin-alin.

Kasuwar Kawo ta ranar Talata ce ta fitar da ni kunya. Akwai wata tsohuwa da ke kawo zogale da rama daga bayan gidanta. Na ɗaga ganyen, duk ƙwari sun huda shi. Ta ce, "'Yata, wanda tsutsa ta ci ai shi ne bai sha magani ba. Kashin akuya kawai nake zuba masa." Takardar shaida dai babu, amana ce kawai, kuma na yarda da ita.

Yanzu da safe ƙwai biyu da kabeji, da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli (wanda ba sukari, ku lura, wasu suna sawa), dare kuma awara da miyar kuɓewa da busasshen kifi. Na shuka alayyahu a tsofaffin buhunan siminti uku a tsakar gida, kajin maƙwabta sun riga sun cinye ɗaya.

Tuwo da miyar kuka ne har yau nake mafarkinsa.