Ƙwai fashe a ruwan zafi cikin tukunyar lantarki: ni dai a buɗe nake yin nawa

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya yara, ya kuma fama da zafi.

Yawancinmu da muka sayi tukunyar nan ta lantarki mai maɓallai rututu, irin su Instant Pot da Ninja Foodi da ƙannensu da suka cika kasuwa yanzu, in dai za mu faɗi gaskiya abu uku muke yi da ita, wake, ganda, sai ƙafar saniya, daga nan a goge ta a ɗora saman kanta sai kuma wani jiƙon. Alhali ita Instant Pot ɗin, da wani injiniya mazaunin Kanada mai suna Robert Wang shi da abokansa suka fitar a 2010, tun asali an yi ta ne don tukunya ɗaya ta yi aikin na'urori da yawa, ta soya ta turara ta dafa shinkafa ta ajiye abinci da ɗuminsa. Toh yau aikin da zan sa ta ƙarami ne, ƙwai, amma ba dafaffe da ɓawonsa ba kuma ba soyayye irin na mai shayi ba. Wanda ake fasawa cikin ruwan zafi nake nufi, farin ya naɗe gwaiduwar ya kama jikinsa luɓus, kina sa cokali gwaiduwar ta gangaro kan burodi. Wadda ta taɓa karyawa a manyan otal ɗin Abuja ko ta je Umara ta ga irinsa. Ko ɗigon mai babu a ciki, shi ya sa masu rage ƙiba da waɗanda likita ya hana maiƙo suke sonsa.

In kika shiga YouTube kusan duk hanya ɗaya za su nuna miki. A zuba ruwa kofi ɗaya a tukunyar, a sa ɗan ƙarfen nan mai ƙafafu da yake zuwa da ita, a shafa mai a ƙananan kofunan roba na silikon, a fasa ƙwai ɗai-ɗai a ciki, a jera a kan ƙarfen, a rufe murfi a toshe bawul, a ba shi minti 2 zuwa 4, yana ƙarewa a saki tururin nan take. Yana yi, ban ce ba ya yi ba. Amma abin da yake fitowa turararren ƙwai ne mai siffar kofi, gefensa da ɗan tauri, kuma babbar matsalar ita ce ba kya ganin abin da ke faruwa a ciki. Minti ukun da kika danna ba daga lokacin da kika rufe yake fara ƙirga ba, sai tukunyar ta tara tururi ta cika, wanda shi kansa yana cin mintoci, kuma duk wannan lokacin ƙwan yana dahuwa. Ruwan randa kika zuba ko na tanki da rana ta gasa, tukunyarki lita 3 ce ko 6 ko 8, ƙwan daga firji ya fito ko daga kan kanta, duk sai sun canja miki lissafi. Shi ya sa wata za ta rantse miki minti 2 ne, wata ta ce ƙarya ne 5 ne, kuma dukkansu gaskiyarsu suke faɗi, kowa da tukunyarta.

Sannan ki duba zafin. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, a rufe da matsin tururi kuwa ya haura 110, wannan zafin na ganda ne. Shi farin ƙwai tun wajen digiri 62 zuwa 65 yake fara kamawa, kafin 80 ya gama daskarewa, gwaiduwa kuma tsakanin 65 da 70 take yin kauri. Kin ga tazarar da ke tsakanin gwaiduwa mai gangarowa da wadda ta zama gari ba ta da yawa, a digiri 110 da ɗoriya kuwa rabin minti ya isa ki wuce wurin. Abin da ƙwan yake so ruwa ne mai zafin wajen 80 zuwa 85, wanda yake tururi da 'yan ƙananan kumfa manne a gindin tukunya amma ba ya ɓararraka.

Nan ne tukunyar take birge ni, ba wajen matsin tururin ba. Gindinta kauri gare shi, tana da zurfi, ga kuma jikin waje da ya kewaye ta, so in ruwa ya yi zafi a ciki ba ya saurin hucewa, ba kamar tukunyar dalma a kan gas ba da za ki yi ta rage wuta kina ƙarawa iska na kaɗa harshen wutar.

Ga yadda nake yi. Ruwa mai zurfin kamar yatsu huɗu, wajen lita biyu da rabi kenan a mai lita 6. Ki danna maɓallin suya, wanda aka rubuta Sauté a jiki, ki ɗora murfin gilas ko faranti don ya yi saurin tafasa, murfinta na ainihi kuwa ki ajiye shi gefe ba ya cikin aikin yau. In kina sauri ki tafasa ruwan a kettle ki juye. Yana tafasa ki zuba ruwan kal cokali ɗaya babba a kowace lita, farin nan na girki, sannan ki danna maɓallin kashewa, wato Cancel. Ki jira ɓararrakar ta kwanta, ba ya wuce minti ɗaya. Dama kin riga kin fasa kowane ƙwai a ɗan kofin shayi nasa shi kaɗai, dan Allah kar ki fasa kai tsaye daga sama, faɗowar tana tarwatsa shi, kuma in ɗaya bara-gurbi ne kin ɓata ruwan gaba ɗaya. Ki kai bakin kofin har ya taɓa ruwa sannan ki karkata shi a hankali ƙwan ya zame da kansa. Ki sa na biyu nesa da na farko, uku ko huɗu sun ishi tukunyar a zubi ɗaya. Ki rufe da farantin, ki duba agogo. Minti 3 da rabi zuwa 4 ki ɗaga ɗaya da matsami ki ɗan danna da yatsa, in farin ya tsaya tsakiyar kuma tana lotsawa to ya yi, in har yanzu farin yana rawa ki mayar ki ƙara rabin minti. Ki ɗora shi kan tishu ko tsumma mai tsabta ya tsane, in ba haka ba burodinki zai jiƙe sharkaf.

Maganar juya ruwa da cokali ya yi ta kewayawa kafin a sa ƙwan, wannan na mai yin guda ɗaya ne. Uwargida mai ciyar da mutum biyar ba ta da wannan lokacin.

Ruwan kal ɗin tsaminsa ne yake sa farin ya kama da wuri kafin ya bazu, kuma a wannan ma'aunin ba za ki ji shi a baki ba. In babu, lemun tsami ma yana yi. Gishiri ki bari sai a faranti.

Amma wallahi duk wannan bayanin in ƙwanki tsoho ne aikin banza ne, kuma wannan ita ce maganar da masu bidiyo ba sa tsayawa a kai saboda su nasu daga gona sai firji. Sabon ƙwai in kin fasa shi a faranti za ki ga farin kashi biyu ne, akwai mai kauri da ya rungume gwaiduwar ya yi tudu, akwai ɗan tsinkakke a gefe. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kullum iska da danshi suna fita ta nan, yana kwana mai kaurin yana saki yana komawa ruwa, gwaiduwar ma fatarta tana rauni. Zafi kuma yana gaggauta abin sosai. Yanzu ki tuna kiret ɗin da ke jibge a shagon unguwa a watan Afrilu, garin yana digiri 40, ba wanda ya san ranar da kaza ta yi shi. Irin wannan kina sakinsa a ruwa zai watse ya yi zare-zare kamar tsohuwar auduga, ki tsinci gwaiduwa tsirara a gefe, sai ki ce tukunya ce ba ta da kyau.

Gwajin da iyayenmu suke yi har gobe shi ne gaskiya, ki sa shi a kwanon ruwa, wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya miƙe tsaye ya kwana biyu ki kai shi wajen dafawa da ɓawo (dama tsohon ya fi daɗin ɓarewa), wanda ya taso sama kuwa ki rabu da shi. In kina da maƙociya mai kiwon kaji ko wata gona kusa, ki ƙulla da su, ƙwan jiya ko na shekaranjiya ba ya ma buƙatar wata dabara. Wanda yake tsaka-tsaki kuma ga abin da yake ceton sa: ki fasa shi cikin matacin shayi mai ƙananan ido, ki ɗan jijjiga, tsinkakken farin zai zube ta ƙasa mai kaurin ya tsaya, shi za ki juye a kofi. Wannan tacewar ta fi ruwan kal aiki nesa ba kusa ba. Wanda ya zube ɗin ma ba asara ba, ki tara ki haɗa a wainar ƙwan yara.

Wasu tukwanen suna da maɓallin Sous Vide, wato ki zaɓi digirin da kike so ruwa ya tsaya a kai ba hawa ba sauka. Da shi ana sa ƙwan da ɓawonsa a digiri 63 na tsawon minti 45 zuwa awa ɗaya, sai a fasa ya zamo gaba ɗayansa. Mutanen Japan sun daɗe suna irin wannan a ruwan maɓuɓɓugarsu mai zafi. Gwaiduwar tana yin kyau ba magana, amma farin yana fitowa ruwa-ruwa, wanda na san da wuya maigida Bahaushe ya kalla sau biyu, sai an sake tsoma shi a ruwan zafi na minti ɗaya. Kuma awa guda cur kina roƙon Allah kar NEPA su ɗauke wuta saboda ƙwai, haba. Tawa hanyar ko sun ɗauke bayan ruwa ya tafasa ba abin da ya dame ni tunda dama kashewa nake yi.

Tunda an zo maganar wuta, mai lita 6 tana jan wajen wat 1000, ƙaramin jannareto ba zai ɗauke ta ba, masu sola kuma ku duba ƙarfin inbatarku tukuna. Sannan wadda za a aiko wa daga waje ko za ta sayi ta gwanjo, ki juya bayanta ki karanta. Ta Amurka da Kanada wutar 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, kina jona ta kai tsaye ta ƙone, sai da taransfoma mai ƙarfi. Ta Ingila ita ce daidai da mu har bakin soket ɗin.

Da me za a ci? Kan gasasshen burodi da ɗan gishiri da masoro shi ne na kowa. Kan dafaffiyar doya da miyar tattasai ya fi min. Yara kuma kan Indomie. Amma wanda nake so ku gwada na Turkawa ne, suna ce masa cilbir, don in kika ji kayan haɗin sai ki rantse a rugar Fulani aka ƙirƙiro shi. Su yogot mai kauri suke sawa, ni kindirmo nake sawa, wanda bai yi tsami sosai ba, in ya cika ruwa in tace shi a kyalle. Ki daka tafarnuwa ƙwaya ɗaya ki juya a ciki da gishiri, ki shimfiɗa a faranti, kar ya zama mai sanyin firji, ki ɗora ƙwai biyu a kai. Sai ki narka man shanu, yana fara ƙamshi ki sauke ki zuba garin barkono ko yajinki na gida, ki kwarara a sama ya yi ja. A ci da burodi ko gurasa ana dangwala. Na san wata za ta ce nono da ƙwai kuma? Ki gwada tukuna, tafarnuwar da man shanun suna kashe ƙarnin gaba ɗaya.

In baƙi gare ki da safe za ki iya yi tun dare, kina tsamewa ki jefa a ruwan sanyi dahuwar ta tsaya, ki sa a firji cikin ruwan, da safe ki tsoma a ruwan zafi minti ɗaya. Haka masu otal suke yi.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, gwaiduwa mai gangarowa ba ta kai zafin da yake kashe ƙwayar cutar salmonela ba. A Ingila tun 2017 hukumar abincinsu ta ce masu ciki da yara za su iya cin ƙwai ruwa-ruwa, amma fa sai mai hatimin zaki a jiki, wanda aka yi wa kajin rigakafi. Namu na kasuwa ba shi da wannan hatimin. Don haka mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya ki bar nasu ya kai minti 6 zuwa 7 har tsakiyar ta daskare, yana nan da laushinsa duk da haka. Wanda ɓawonsa ya tsage kar ki yi wannan da shi sam, mai kashin kaza a jiki kuma ki wanke shi dab da za ki fasa, ba tun ranar da kika sayo ba, wankin yana cire kariyar da ke jikin ɓawon.

Damina in ta kama ƙwan zabi zai cika tasha da bakin titi, shi ma yana yi, kuma gwaiduwarsa ta fi ta kajin gona ɗanɗano. Ya fi ƙanƙanta so ki fara duba shi tun minti 3. Ɓawonsa tauri gare shi, ki buga da bayan wuƙa a hankali don kar ki huda gwaiduwar, kuma shi kam kar ki tsallake gwajin kwanon ruwa, don a daji ake tsinto da yawansu.